Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Albarkatun Ruwa a Kan Rainon Famfunan Ƙananan Garuruwa

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Albarkatun Ruwa na Jiharmu,



 

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne, wanda mutanen garinmu suka ɗora wa magatakardancin kwamitin ruwa saboda hannuna ya saba da alƙalami da littafin lissafi, ko da yake sirrin inji bai taɓa zama fannina ba. Garin namu yana cikin garuruwan nan da suka fi ƙarfin a kira su ƙauye, amma ba su kai a kira su birni ba. A tarbiyyar da muka taso cikinta, na ƙasa ba ya ɗaga murya a gaban na sama, kuma da ƙofa ɗaya ta buɗe mana cikin waɗanda muka ƙwanƙwasa, da wannan magana ba ta fito fili ba. Mun rubuta wa kansila, mun rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, mun roƙi hakimi ya sa baki, mun yi ta sintiri zuwa ofishin shiyya har masinja ya san mu da suna, amsar da muke dawowa da ita kullum ita ce ana kan duba fayil. Tun da yake gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na yanke shawarar in yi maka magana a inda kowa zai ji, la'alla abin da ya ɓace a cikin fayil ya iso gare ka ta bakin jama'a.

Ina tuna ranar da aka buɗe mana aikin ruwa kamar jiya aka yi. An kafa rumfuna, an shimfiɗa darduma, makaɗa sun cika fili, wata 'yar makaranta ta riƙe almakashi a kan faranti, babban baƙo ya yanke ƙyalle, ya murɗa kan famfo, ya tara ƙoƙo ya sha, mata suka rangaɗa guɗa. Yau idan ka bi ta wurin, tankin yana nan tsaye a kan ƙarafunansa, tantabaru sun yi sheƙa a ƙarƙashinsa, yara suna ɗaure awaki a jikin famfunan unguwa, allon da aka rubuta sunayen manya a kansa shi kaɗai ne bai daina aiki ba. Kafin ladan ya kira assalatu, 'yan mata sun riga sun kama hanyar tsofaffin rijiyoyi da bokitai a ka, 'yan ga-ruwa kuwa suna turo kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani attajiri. Na yi shekaru a aji, na san abin da ke samun yarinyar da ta iso makaranta bayan an gama darasi biyu, wuyanta yana ciwo, idonta yana lumshewa.

Abin da nake so in kafa maka hujja a kansa, ranka ya daɗe, shi ne cewa gwamnatocinmu sun ƙware wajen haihuwar ayyukan ruwa, amma sun yi sakaci da rainonsu, alhali kuwa jaririn da aka yi wa gagarumin suna aka bar shi ba nono, ragon sunan ba zai raya shi ba. Magabata sun fahimci wannan. Magudanar ruwan da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina wa mutanen Makka da alhazai ta yi sama da shekara 1,000 ana cin moriyarta, domin sarakunan da suka zo bayanta sun riƙa yashe ta suna gyara inda ta rushe. A ƙasarmu ma, lokacin da aka kafa ma'aikatar ruwa ta Challawa a Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e, an ajiye mata ma'aikata masu albashi da ke kwana suna tashi a kan injuna. Ga ƙorafe-ƙorafenmu nan bi da bi.

Na farko, an ɗora mana kaya ba a ba mu gammo ba. A shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan samar da ruwa da tsaftar muhalli, wadda ta kira gari mai mutum 5,000 zuwa 20,000 ƙaramin gari, ta kuma ce wajen gina masa aikin ruwa tarayya ta ba da kashi 50 cikin 100, jiha 30, ƙaramar hukuma 15, jama'a 5, amma ɗawainiyar gudanarwa da gyara ta bar wa mutanen gari ɗungurungum. Ka dubi girman abin da aka bar mana. Gari mai mutum 10,000, idan kowa zai sami lita 20 a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafi da shi, yana buƙatar lita 200,000, wato jarka 8,000 mai cin lita 25, kowace safiya ta Allah, ba Juma'a ba Sallah. Wannan aiki ne aka miƙa wa tela da ladan da tsohon malami da mata biyu, bayan taron bita na kwana uku. Daɗa ba mu da wata takardar doka da ta ba mu ikon yanke wa mai satar ruwa bututu, ko mu gurfanar da mai taurin bashi a gaban alƙali, saboda haka duk wanda ya fi mu baki a gari ya fi ƙarfin kwamiti.

Na biyu, babu gwani a kan inji, babu kuma takardun aikin. Yaron da ke kula mana da inji mai amana ne, sai dai abin da aka koya masa bai wuce kunnawa da kashewa ba, ladansa kuwa abin da ya ragu ne a akwati, in ya ragu. Wata bazara ruwan ƙasa ya ja baya, famfon da ke can cikin rijiya, wanda makanikai ke kira sumo, ya ci gaba da juyawa a bushe, alhali ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, kafin a ankara ya ƙone ƙurmus. Daga baya aka gaya mana akwai 'yar na'ura mai arha da ke yanke wuta da zarar ruwa ya yi ƙasa, ba a sa mana ita ba. Da muka je birni sayen wani, mai shago ya tambaye mu zurfin rijiyar, da inda ruwa ke tsayawa, da yawan abin da take iya bayarwa a awa, muka tsaya muna kallon juna, domin ɗan kwangila ya tafi da takardun awo duka. Sai da muka tara majiya ƙarfi suka jawo bututan da igiya ɗaya bayan ɗaya, ina tsugune ina ƙirga su da alli a jikin bango, sa'an nan muka ƙiyasta zurfin. Famfon da muka saya bisa ƙiyasi ya fi ƙarfin rijiyar, yana zuƙe ta cikin ɗan lokaci ya koma jan yashi. Kuɗin marayu da zawarawa ne ya tafi a wannan jahilci, alhali takarda guda ta isa ta hana shi.

Na uku, wuta. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, aka kuma janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka ninka, janareta ya zama abin da ake tayarwa don a tabbatar yana da rai. Mun ji ana mayar da rijiyoyi kan hasken rana, kuma yabon gwani ya zama dole, wannan tadbiri ne mai kyau. Amma ina jan hankalinka cewa farantan sola ma suna da nasu rainon: ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi in ba a goge su, ɓarayi suna kwance su in ba shinge da mai gadi, akwatin da ke sarrafa wutar kuwa in ya lalace babu mai taɓa shi a ƙaramar hukuma sukutum. Kazalika, tun da rana ba ta aiki da dare, wajibi ne tanki ya isa ya riƙe ruwan asuba. In aka sauya inji aka bar ɗabi'ar sakaci yadda take, an sauya wa gawa likkafani ne kawai.

Na huɗu, mas'alar kuɗin ruwa. Duk sa'ad da mai karɓar kuɗi ya tsaya a ƙofar gida, sai a ce masa ruwa na Allah ne. Haƙiƙa na Allah ne, amma guga da igiya da wanda ya yashe rijiya suna da haƙƙi. Abin da ya ƙara dagula mana lamari shi ne 'yan siyasa da ke hawa mumbari lokacin yaƙin neman zaɓe su shelanta cewa daga yau ruwa kyauta ne, su tafi su bar mu da janareta mai shan mai. Ina tuna wa masu wannan alheri na fatar baki cewa rijiyar Ruma da ke Madina ta zama kyauta ga Musulmi ne bayan Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ya zaro dukiyarsa ya saye ta ya mayar da ita waƙafi. Wanda ke son ladan Usman, to ya biya irin abin da Usman ya biya, ya rubuta shi a kasafin kuɗi. Abin da ya fi ciwo kuma, manyan masu shan ruwanmu gine-ginen gwamnati ne, asibiti da makarantar kwana da sakatariya, kuma su ne ba su taɓa biyan ko anini ba. Babu mita a bakin tanki balle a gidaje, don haka ba mu san abin da muka ɗebo ba, ba mu san abin da ya zube a hanya ba. Bilhasali, talakan da aka ce ana tausaya wa shi ne yanzu ke biyan ɗan ga-ruwa ninkin abin da kwamiti ke nema a wurinsa.

Na biyar, ba mu san abin da muke shayar da mutane ba. A zaure mun karanta a Ahalari da Ishmawi cewa ana duba ruwan tsarki ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma wannan hukunci ne ingantacce a babin ibada. Amma ƙwayar cutar amai da gudawa da ta taifot ba su canza ko ɗaya daga cikin ukun nan, ruwa yana iya zama garau kamar idon zakara alhali ajali na cikinsa. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka ba da rahoton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Masana sun ce ya kamata a sami ragowar sinadarin kulorin a bakin famfo wanda bai gaza miligiram 0.2 a kowace lita ba, awonsa kuwa ba ya buƙatar digiri: 'yar ƙwaya ce ake jefawa a kwalbar gwaji, ruwan ya yi ja-ja, a gwada da ma'aunin launi. Tun ranar yanke ƙyalle ba wanda ya zo ya ɗebi ruwanmu don gwaji. Akwai kuma haɗarin da mutane ba su lura da shi ba. Bututan unguwanni da yawa a cikin kwata suke kwance, sun tsattsage, muddin akwai ruwa a ciki yana tunkuɗo ƙazanta waje, amma da zarar an kashe inji bututu ya zama fanko, sai ya riƙa tsotso ruwan kwata, washegari a tura wa mutane shi cikin randunansu. Ashe ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke gobe ya fi ƙarfin a kira shi wahala kawai, ƙofar annoba ce.

Na shida, ruwan da ya fita daga gida ba shi da uba. A watan Nuwamba 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta, a 2019 ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cimma wannan. Mutane sun ji kira, sun haƙa masai. To, amma masai yana cika, ranka ya daɗe, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, dole a faɗi inda ake kai abin da aka kwashe. Masu wannan sana'a da dare suke aiki, ba safar hannu ba takalmi, su juye a kududdufin bayan gari inda shanu ke sha, yara ke wanka, ake kuma ɗiban ruwan gini. A tsakiyar gari filaye sun matse, har ana haƙa shadda a jikin katangar da rijiyar maƙwabci ke bayanta, alhali ana so a bar tazarar da ta kai mita 30 tsakaninsu. Da can akwai duba-gari, wanda jin ƙarar kekensa kaɗai kan sa matan gida su rufe randa su share kwata. Yau ba mu san ofishin da za mu kai wannan kuka ba, ma'aikatar ruwa ta ce na muhalli ne, muhalli ta ce na ƙaramar hukuma ne.

Adalci ya wajabta mini in faɗi namu laifin, don kada a ce mun ga ƙwayar hatsi a idon wani mun manta da tabarmar da muke kai. A shekarun da inji ke lafiya ba mu yi tanadin komai ba, mun manta cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. An sha ranto kuɗin akwati don hidimar gari ba a mayar ba. A cikinmu akwai masu huda bututu da ƙusa cikin dare su ja wa gidajensu, muna gani muna kawar da kai saboda kunya da zumunta. Mun yi nadamar wannan, kuma shi ne ya ƙara tabbatar mini cewa aikin sa-kai, kome kyan niyyar masu shi, ba ya iya riƙe ma'aikata irin wannan sai da hukuma mai sa ido a bayansa.

Wasu sun riga mu gano haka. Gana ta kafa hukumar ruwa da tsaftar ƙananan al'ummomi a 1998 bisa tsarin barin gudanarwa a hannun kwamitocin gari, amma daga 2017 ta shiga ɗaukar injiniyoyi da akantoci masu albashi tana tura su riƙe ayyukan ruwan ƙananan garuruwa. 'Yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa, a garuruwa da yawa ƙaramar hukuma ce ke ƙulla yarjejeniya da ɗan kasuwa ya gudanar da famfo, ana sayar da ruwa bisa awon mita, masu sha suna da ƙungiyar da ke bin kadinsu. Kowane tsari yana da nasa aibu, sai dai a cikin biyun an san wanda za a kama ranar da famfo ya ƙafe.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ga abin da muke roƙo. Muna roƙo ka sa a zagaya a ƙirga ayyukan ruwan ƙananan garuruwan jihar nan, masu rai da matattu, a buga sakamakon kowa ya gani, kuma a fifita tayar da matattun kafin a sake yanke wani ƙyalle. Muna roƙo a tilasta wa kowane ɗan kwangila ya miƙa wa gari kwafin takardun awon rijiya da taswirar bututu kafin a biya shi kuɗinsa na ƙarshe. Muna roƙo a horar da masu kula da inji, a ba su takardar shaida da albashi tsayayye, a ajiye makaniki mai babur da rumbun kayan gyara a kowace shiyya. Muna roƙo a yi dokar da za ta ba kwamitoci ko waɗanda aka ba gudanarwa iko sananne, a sa mita, a yanke farashi mai adalci tare da rangwame ga marasa hali, a kuma riƙa binciken littattafanmu kowace shekara, nawa ne farkon wanda zan miƙa. Muna roƙo a cire kuɗin ruwan gine-ginen gwamnati tun daga tushe a zuba a asusun gyara. Muna roƙo a ba mu kulorin da kayan awonsa, jami'in lafiya ya riƙa ɗiban ruwanmu don gwaji a kai a kai, a manna sakamakon a ƙofar fada da ta masallacin Juma'a. Daga ƙarshe, muna roƙo ka zauna da takwaranka na muhalli da shugabannin ƙananan hukumomi, ku ware wa kowane gari fili nesa da ruwan sha inda za a riƙa juye kwasar masai ana busar da ita, a yi wa masu sana'ar rajista a ba su kayan kariya, a kuma dawo mana da duba-gari.

Ranka ya daɗe, duk abin da na lissafa babu wanda za a kafa wa allo ko a kira makaɗa dominsa, na san kuma wannan ne ya sa ba shi da farin jini. Amma shayar da mai ƙishi sadaka ce mai gudana, kuma tana gudana ne gwargwadon yadda ruwan ke gudana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mun kuwa nuna maka wuraren. Idan kana son ganin gaskiyar maganata, ka zo garinmu ba tare da sanarwa ba, ba jiniya ba rumfa, ka iso kafin assalatu, ni da kaina zan riƙe maka fitila mu bi 'yan matan nan zuwa rijiya.

Allah ya ba ka ikon sauke wannan amana, ya sa ta zama hujja gare ka ranar hisabi. Ka huta lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Magatakardan kwamitin ruwa na wani ƙaramin gari a jiharka.